Tsani a Bayan Littafi

Ƙarfe takwas da 'yan mintuna na safe wata mata ta shigo caji ofis, ta tsaya a gaban kanta ta ce ta kawo ƙarar sata. Saje ya jawo littafin rahoto ya tambaye ta abin da aka ɗauke. Da ta ce maganin asma ne na 'yarta, irin wanda ake fesawa a baki, sai ya ajiye biro ya dube ta sama da ƙasa.

"Baiwar Allah, nan fa caji ofis ne. Kemis yana tsallaken titi."

Sufeto tana jin su daga ofishinta. Ta leƙo ta ga matar: ba za ta wuce shekara ashirin da bakwai ba, mayafinta a juye, idanunta sun faɗa. Ita ma Sufeto tana da yaro ɗan shekara biyu a gida, ta san kamannin uwar da ta kwana biyu ba ta runtsa ba. Ta ce a shigo da ita.

Matar malamar firamare ce. Mijinta direban babbar mota ne, yakan yi kwana huɗu ko biyar a hanya. 'Yarsu ɗaya, shekararta uku, suna kiranta Lele.

Malama ta ce wata biyu ke nan gidanta ya daina yi mata biyayya. Ta tsinci makullinta a cikin firji. Ta dawo daga makaranta ta tarar da dutsen guga a kunne, alhali ta tuna sarai ta zare shi. Takalman Lele sun kwana a kwandon shara. Jiya da rana kuma numfashin yarinyar ya sarƙe, ta ruga inda take ajiye abin shaƙa, babu shi. Da ƙyar aka kai ta asibiti da ranta.

"Daga baya kin gan shi?"

"A jakata ta makaranta, ƙarƙashin littattafan yara."

Ta ciro shi ta ɗora a tebur. An manna filasta a jikinsa, an rubuta kwanan wata da biro. Ta ce haka take yi wa kowanne ranar da ta saya, don ta san lokacin da zai ƙare. Sufeto ta duba: kwana huɗu kacal da saye. Ta girgiza shi kusa da kunnenta, ta danna. Ko iska bai fitar ba.

"Fesawa nawa yake yi kafin ya ƙare?"

"Ɗari biyu."

Sufeto ta ajiye shi a tebur. Mai mantuwa yana iya ajiye abu inda bai dace ba. Amma kafin wannan ya zama fanko sai wani ya zauna ya danna shi sau ɗari biyu, da gangan, da haƙuri.

Malama ta ce dangi sun riga sun yanke shawara. Da tsakar rana za ta ga likitan ƙwaƙwalwa, ƙarfe huɗu kuma surukarta da manya za su taru a gidanta a miƙa Lele ga yayar Malama ta riƙe. Kowa ya ce littattafan da take karantawa ne suka taɓa mata kai.

"Ranki ya daɗe, ko dai akwai mai shiga gidana, ko kuma ni ce nake yi ban sani ba. In ni ce, don Allah ki ɗaure ni yau, kafin in kashe 'yata."

Sufeto ta ce ta koma asibiti wurin yarinyar, kada ta kashe wayarta. Sannan ta ɗauki hularta ta kira Saje.

Gidan yana hawa na biyu, ɗaki biyu da falo. Ba a taɓa ƙofa ba, tagogi duk da ƙarfe. Direba, mijin Malama, ne ya buɗe musu, dogo, idanunsa jajur. Bai ji daɗin ganinsu ba. Ya ce abin kunya ne, matarsa ba ta da lafiya, ta je ta ɗauko musu 'yan sanda.

"Makullin ƙofar nan nawa ne?"

"Biyu. Nawa da nata."

Saje ya durƙusa ya duba kwaɗon. Ya ce irinsa ne a gidansa, kuma da makulli uku ake sayar da shi. Direba ya sosa ƙeya, ya ce to, na ukun ya ɓata tun da daɗewa. Bai yarda ya haɗa ido da Sufeto ba.

Wata mata ta fito daga kicin tana goge hannu da tawul. Ita ce Yaya, babbar yayar Malama, tela ce, tana zaune tsallaken layi. Ta gaishe su da fara'a, ta kawo ruwa, ta gyara musu kujera. Ta ce ita ba ta yarda da maganar hauka ba, gajiya ce kawai ta yi wa ƙanwarta yawa, ga aiki ga yarinya mai ciwo. In ta huta wata biyu za ta dawo daidai.

Direba ya nuna kantar da ke jikin bango. Ya ce ga masu laifin nan a jere, in Sufeto kamu ta zo yi. Littattafai ne kusan ashirin, masu baƙin bango da hoton ƙofa a buɗe ko rabin fuskar mace. Ya ce kullum labarin miji ya haɗa wa matarsa tarko, ko aminiya ta zama maciji. Mutum ya cika kansa da wannan, ai dole ya fara ganin ɓarawo a cikin firji.

"Ke ma kina karanta su?" Sufeto ta tambayi Yaya.

"Ni? Ko takardar magani na duba sai kaina ya sara. Ni da keken ɗinki muka san juna."

Sufeto ta zaro littattafan ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu da hatimin wani shagon haya da ke bakin tashar mota. A cikin bangon baya na kowanne akwai ƙananan zane-zane da biro, birjik kamar sawun kaji: tauraro, kifi, gicciye, da'ira mai ɗigo a tsakiya. A ƙarshen kantar akwai wani tsohon littafi marar hatimi, an ɗaure bayansa da salatif. Zane biyu ne kawai a cikinsa, kusa da juna: da'irar nan mai ɗigo, da wani ɗan tsani mai matakala uku.

Ba ta gane ma'anarsu ba, amma ta ɗauki hoton da wayarta.

A mota Saje ya ce shi dai mijin nan bai kwanta masa ba. Sufeto ta ce ita ma haka. Mutum ba ya gumi a kan makullin da ya ɓata da gaske.

Shagon hayar ɗan ƙarami ne, matse tsakanin mai gyaran waya da mai aski, yana warin tsohuwar takarda da gam. Mai shi dattijo ne mai tabarau, kowa Baba Mai Littafi yake ce masa. Ganin kaki ya sa ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba, wai shi bai taɓa yanka littafin kowa ba, yadda suka zo haka yake bayarwa. Saje ya ɗago wani siririn littafi mai bangon kwali, gam ɗin jikinsa ko bushewa bai yi ba.

"Baba, wannan kuma haka aka haife shi?"

Dattijon ya yi murmushin yaƙe. Ya amsa cewa in littafi ya yi kauri yakan raba shi kashi uku, ya yi wa kowane kashi bango, don mutum uku su karanta a lokaci guda ba sai an yi layi ba. Sufeto ta ce ba wannan ya kawo ta ba. Ta nuna masa hoton zane-zanen.

Nan ya saki jiki. Ya ce ai wannan al'adar masu karatunsa ce. Littattafan sun yi kama da juna, mace za ta kai gida ta karanta shafi talatin sannan ta gane ta taɓa karantawa. Shi ya sa kowace take da alamarta, da ta gama sai ta zana a bangon baya. In ta zo zaɓe, baya take fara buɗewa. Ya ce abin yana shiga jiki, wata ma ba ta sanin lokacin da hannunta ya zana.

Sufeto ta tambaye shi me mutane suke samu a irin waɗannan labarai. Ya ce yawancin masu zuwa wurinsa iyaye mata ne, kuma ya daɗe yana tunanin dalili. Uwa tana cikin tsoro tun daga ranar da ta haihu, tsoron da ba shi da fuska kuma ba ya ƙarewa. A littafi kuwa tsoron yana da suna, yana da shafi na ƙarshe, in ya yi yawa ta rufe shi ta ɗora tulu a kai. Wasu kuma abin da ke jan su shi ne a labaran nan mugu ba ya zuwa da wuƙa. Da sallama yake shigowa, a ba shi wurin zama.

Sai ta ba shi labarin makulli a firji, da dutsen guga, da takalman yarinya a shara. Kafin ta kai kan abin shaƙa dattijon ya cire tabarau.

"Maganin yarinyar ma an zazzage shi, ko?"

"Wa ya gaya maka?"

"Ranki ya daɗe, wannan ai littafi ne. Yana nan a shagona."

Ya hau kujera ya sauko da kashi biyu masu bangon kwali. Labarin wata mata ce da aka lallaɓa aka sa ta yarda ta haukace, don a raba ta da 'yarta. Sufeto ta buɗe bangon baya na kashi na ɗaya. Ta bi alamomin da yatsa. Babu da'ira mai ɗigo ko ɗaya, alamar da ke cikin kowane littafi a gidan Malama, wato ba ta taɓa karanta shi ba. A can ƙasa, da sabon biro, ga ɗan tsani mai matakala uku. Ta buɗe kashi na biyu. Ga shi nan ma.

 Duk mai tsanin nan, ta taɓa karanta littafi ɗaya da Malama a gida ɗaya.

"Ina kashi na uku?"

Ya ce an ɗauka shekaranjiya, lokacin matarsa ce a shago, kuma shi bai san fuskar mai tsani ba, ya fi shekara goma bai ga alamar ba sai bana. Ta tambaye shi abin da ya faru a kashi na ukun. Ya ce dokar shagonsa ce ba ya faɗin ƙarshen labari.

"Yau za ka karya ta."

 Ya ce a ranar da dangi za su taru, sai aka niƙa ƙwayar barci aka zuba wa yarinyar a madara, aka sa kwalbar a jakar uwar, don a tarar da yarinya a sheme a ce uwar ce. Dabarar ta ci, an kai uwar asibitin mahaukata. Sai dai a babi na ƙarshe yarinyar ba ta farka ba, don ƙirjinta ba shi da ƙarfin ɗaukar maganin.

Agogon shagon ya nuna sha biyu da minti ashirin. Sufeto ta fita bakin titi ta kira Malama. Sai da wayar ta kusa yankewa aka ɗauka.

"Da'ira mai ɗigo alamarki ce?"

"Tawa ce."

"Tsani fa?"

 Malama ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, Yaya ce ta koya mata karatun littattafan tun tana 'yar shekara goma sha biyu, ita ta zaɓa mata da'ira. Yaya tsani take zanawa. Amma ai ta bar karatu tun rasuwar mijinta.

"Ina Lele yanzu?"

"An sallame ta. Yaya ta tafi da ita gida, ni an ce in jira likita. Babanta ya tafi ɗauko mahaifiyarsa. Ranki ya daɗe, lafiya?"

"Bar layin likitan nan ki taho gida yanzu."

Tafiyar minti goma sha biyar ce, amma wata motar kaya ta mutu a mararraba ta tare hanya. Saje ya danna jiniya, ba wanda ya iya matsawa. Sufeto ta buɗe ƙofa ta sauka ta kama gudu. Tana gudu tana ganin kofin ɗanta mai hannu biyu, da yadda yake karɓar duk abin da aka miƙa masa ba tare da tambaya ba. Ta hau matakalar benen bibbiyu.

Ƙofar a buɗe take. Falon tsaf, an shimfiɗa sabon zanen tebur saboda baƙi. Lele tana zaune a kan cinyar Yaya, 'yar siririya, da filastar ƙarin ruwa a bayan hannunta. Yaya tana riƙe da kofi a bakinta tana lallashinta.

Sufeto ba ta yi ihu ba, don kada yarinyar ta firgita numfashinta ya sarƙe. Ta taka a hankali ta karɓe kofin. Saura kaɗan ya cika.

"Nawa ta sha?"

"Madara ce fa, ranki ya daɗe."

"Nawa ta sha?"

"Da ɗaci," in ji Lele, ta ɓata fuska. Yaya ta ce kurɓa biyu ta yi ta ƙi.

Saje ya shigo yana haki. Sufeto ta miƙa masa kofin, ta ce ya kira motar asibiti. Ta wuce kicin. A bayan gwangwanin sukari ta ga cokali biyu da farin gari a jikinsu. A jakar Malama ta makaranta, wadda ke rataye a bayan ƙofa, ta sami kwalbar ƙwayar barci. Ta dawo ta ce Yaya ta juye jakarta a tebur.

Zare, tef ɗin awo, waya, makulli ɗaya a ɗaure da ƙyalle, sai littafi mai bangon kwali. Saje ya gwada makullin a ƙofa, ya buɗe. Yaya ta ce Direba ne ya ba ta tun wata uku, don ta riƙa leƙa gidan in yana hanya, ita ta ce kada ya faɗa wa ƙanwarta. Littafin kuwa tsintarsa ta yi a nan falon.

Sufeto ta buɗe bangon baya. Babu tsani. Wani ƙyallen atamfa yana maƙale a ciki, saura shafi ashirin a gama.

"Ba ki kai ƙarshe ba."

Sufeto ta nuna wa Yaya ƙyallen.

"Kin tsaya inda aka tafi da uwar, kika ga buƙata ta biya. Karanta wannan."

Ta buɗe mata babi na ƙarshe ta ɗora a gwiwarta. Matar da ta ce karatu yana sara mata kai ta bi shafin da ido cikin sauri irin na wanda ya saba. Ta juya na biyu. A na uku ta tsaya. Littafin ya zame ya faɗi. Ta dubi kofin da ke hannun Saje, ta dubi Lele, ta rufe bakinta da tafin hannu.

"Barci kawai za ta yi," ta ce. "Na lissafa. Wallahi barci kawai."

Daga nan ba ta ƙara musu ba. Ta ce lokacin da aka haifi Lele ƙanwarta ta kwanta ciwo, aka kawo mata jaririya 'yar kwana tara. Wata goma sha ɗaya tana goyonta a bakin keken ɗinki. A hannunta ta yi haƙorin farko, ita ta fara kira Mama. Rannan da yamma aka zo da jaka aka kwashe kayan yarinyar, aka ce an gode, Allah ya saka. Ta koma ɗaki ita da gadon jariri. Bana ta koma shagon haya don ta rage dare, ta ci karo da littafin, ta ga matar da ta ƙulla makircin a labarin ba wanda ya zarge ta, don kowa ya san ita ce mai kirki.

"Abin shaƙar fa? Jiya ta kusa mutuwa."

"A lokacin ina da wani a jakata. Na so in zo in cece ta a gaban kowa. Ciwon ya riga ni tashi."

A nan Malama ta shigo, Direba da mahaifiyarsa suna biye da ita a matakala. Ba ta kalli kowa ba. Ta durƙusa ta ɗauki 'yarta, ta ɗora kunne a ƙirjinta ta saurara, ta buɗe mata ido ta duba. Sufeto ta gaya mata kurɓa biyu ne, ga mota nan tafe, likita zai duba ta. Sannan ta faɗa wa sauran abin da aka samu, a taƙaice. Direba ya jingina da bango. Ya buɗe baki zai yi wa matarsa magana, ta ɗaga masa hannu, ya yi shiru.

Sufeto ta sa wa Yaya ankwa. Da Lele ta ga ana fita da ita sai ta miƙa hannu tana kuka, tana kiran Mama Babba. Yaya ta tsaya a bakin ƙofa ta waiwayo, fuskarta jiƙe da hawaye.

"Ƙanwata, in za ki kwantar da ita, ki ɗaga mata filo. Ba ta son kwanciya a miƙe."

Malama ta juya fuskar yarinyar zuwa kafaɗarta, ta rufe mata kunne da tafin hannu.

"Na sani, Yaya. Ni na haife ta."

Jiniyar motar asibiti ta karaɗe layin. Sufeto ta tsaya da fursunarta a gefen matakala, ta bari uwar da 'yar suka fara sauka.